Kafin kamfani ya shigo: sharhi kan faya-fayan farko na Human League

A farkon 1982, wata waƙa mai suna "Being Boiled" ta kai matsayi na 6 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya, alhali kuwa ba sabuwa ba ce, ba kuma a wani babban situdiyo aka yi ta ba. Samari uku ne suka ɗauke ta shekaru huɗu kafin nan, a wani ɗaki na tsohuwar masana'anta da ke birnin Sheffield a arewacin Ingila, da rikoda irin ta gida, babu injiniya, babu na'urar haɗa sautuka (mikisa), babu kamfanin da ya ba su ko sisin kwabo. A lokacin da waƙar ta yi wannan tashe, ƙungiyar da ta yi ta, wato The Human League, ta riga ta dare gida biyu, biyu daga cikin ukun da suka zauna a wancan ɗaki kuma sun kama gabansu. Wannan al'amari ne ya sa nake ganin ba a yi wa irin waɗannan faya-fayai adalci idan aka kira su gwaji kawai aka wuce, sai ka ce zanen allin da tela ke yi a kan yadi kafin ya sa almakashi. Abin da aka ɗauka a ɗakin nan aiki ne da ya tsaya da ƙafarsa, kuma ƙarancin kayan aiki ne ya ba shi kamannin da ya sa ake saurarensa har yau.

Kiɗan da Turawa ke kira synthpop, wanda shi ne salon wannan ƙungiya, kiɗa ne na rawa da nishaɗi wanda aka ɗora a kan sintesaiza, na'urar da ke samar da sauti daga wutar lantarki zalla, ba tare da tsirkiya ko fata ko busa ba. Wanda ya saba da fiyanon situdiyoyin yau, mai ɗauke da ɗaruruwan sautuka a ajiye, zai yi wuya ya gane irin wahalar da ke tattare da na'urorin 1977. Yawancin masu araha a cikinsu murya ɗaya suke fitarwa a lokaci guda, ko da mutum ya danna maɓallai uku tare, ɗaya kawai zai ji. Ba su da ma'ajiyar sauti, saboda haka idan makaɗi ya ɓata rabin dare yana murɗa makunnai har ya dace da sautin da ya kwanta masa, to da zarar ya murɗa su don neman wani, na farkon ya tafi, sai dai in ya zana matsayin kowane makunni a takarda. Bugu da ƙari, zafin ɗaki kan sa muryar na'urar ta zame daga inda aka saita ta, dole a riƙa tsayawa ana gyarawa. Duk wanda zai saurari faya-fayan wancan zamani ya kamata ya riƙe waɗannan abubuwa a ransa, domin su ne suka tsara abin da zai yiwu da abin da ba zai yiwu ba.

Martyn Ware da Ian Craig Marsh, biyu daga cikin samarin nan uku, ma'aikatan kwamfuta ne a Sheffield, birnin da duniya ta sani da ƙarfe da wuƙaƙe, sun kuma haɗu ne a wata cibiyar fasaha ta matasa da ake kira Meatwhistle. Albashin aikin nan ne ya ba su damar mallakar kayan da suka fi ƙarfin aljihun yawancin tsaransu: Ware ya sayi Korg 700S, Marsh kuma ya sami Roland System 100, dukansu ƙirar Japan. A 1977 suka haɗu da Adi Newton suka kafa ƙungiyar da suka raɗa wa The Future, suka tara abin da suka ɗauka a tef, suka nufi Landan suna bin kamfanonin faifai ofis ofis. Sun dawo gida babu kwantiragi. Ba abin mamaki ba ne, domin galibin abin da suka kai sautuka ne masu shawagi da maganganu gutsi-gutsi, ba waƙoƙin da mai gidan rediyo zai sa da rana ba. Bayan dawowarsu aka rabu da Newton, wanda ya je ya kafa ƙungiyar Clock DVA, su kuma biyun suka yanke shawarar cewa mawaƙi suke bukata. Wanda suka so, Glenn Gregory, ya riga ya koma Landan, sai Ware ya tuna da abokin karatunsa Philip Oakey, ɗan dako a asibiti, wanda bai taɓa waƙa a gaban jama'a ba. Sunan The Human League kuwa daga wani wasan allo na tatsuniyar kimiyya suka ɗauko shi.

A nan ya kamata a dakata a shiga ɗakin da kansa, domin yadda aka yi aikin shi ne zuciyar maganar. Ɗakin yana Devonshire Lane, cikin ginin da a da ake sana'ar ƙarfe, kayan da ke ciki kuma ba su wuce na'urorin nan biyu da rikodar zaren tef mai layi biyu da makirufo ba. Babban situdiyo na lokacin yana da rikoda mai layi 16 ko 24, inda ganga ke da layinta, murya ke da nata, ta yadda za a iya ɗaga wannan a sauke wancan ko bayan wata guda. Mai layi biyu ba shi da wannan gata. Sai ya fara ɗaukar kiɗan tushe a layi na farko, sannan ya kunna shi yana bin sa da wani sabon sauti, duka biyun suna zuba a layi na biyu, sannan ya sake juyo abin da ya haɗu zuwa na farko yana ƙara na uku a kai. Kowane juyi kwafi ne na kwafi. Duk wanda ya taɓa kwafar kaset daga kaset a shagon mai kaset, sannan wani ya kwafa daga nasa, ya san abin da ke faruwa: shuuu ɗin bayan sauti yana ƙaruwa, kaifin sautin yana dusashewa, abin da aka fara ɗauka yana nutsewa ƙasa. Bayan juyi kaɗan faifan ya zama kunu. Abu mafi tsanani shi ne babu komawa baya, domin idan a juyi na huɗu aka lura ganga ta yi ƙara da yawa, to ta riga ta narke cikin sauran, sai dai a share komai a faro daga tushe.

Wannan takura ta haifar da abubuwa da kunne ke iya tantancewa. Tunda kowane ƙarin sauti yana da farashi, ba a ƙara shi sai in ya zama dole, shi ya sa waɗannan waƙoƙi ke da fili a cikinsu, ana jin shirun da ke tsakanin bugu da bugu. Tunda na'urar murya ɗaya take fitarwa, dole kowane layin kiɗa ya zama abin da mutum zai iya rerawa da baki, babu damar ɓoye raunin karin waƙa a bayan tarin sautuka. Tunda kuma ba su da maganɗi, ba su da akwatin ganga, wato na'urar da ke buga ganga da kanta, sai Marsh ya riƙa ƙera bugun da kansa a kan System 100, yana ɗauko wannan ƙara mai kama da ta rediyon da ba a kamo tasha ba, ya tace ta, ya datse ta gajeru, har ta yi kama da bugun ganga ba tare da ta zama ganga ba. Idan mutum ya sa abin sauraro a kunne ya kunna "Being Boiled" ta asali, abin da zai fara cin karo da shi ke nan: bugu busasshe mai tartsatsi, sai wani kauri na ƙasa da ke tafiya a hankali kamar mai ɗauke da kaya, sai muryar Oakey mai zurfi tana tsaye cak a tsakiya, komai yana fitowa ta kafa ɗaya domin ba a raba sautin hagu da dama ba. A ganina, wannan bushewar ita ce ƙarfin waƙar, kuma da an ba su layi 24 a ranar, da sun cike filin da ya sa ta fita daban.

Baitocin ma sun nuna cewa babu mai kasuwa a ɗakin. Oakey ya tafi gida da kiɗan ya dawo da kalmomi a kan tsutsar siliki da ake dafawa da ranta don a zare zarenta, yana haɗa batun da sunan Buddha. Babu wani jami'in kamfani da zai amince a fara gabatar da sabuwar ƙungiya ga jama'a da irin wannan batu. Sai dai bai kamata a ɗauka cewa samarin nan suna gudun farin jini ba ne. Sun ji abin da Kraftwerk na Jamus suka fitar a 1977, sun ji yadda Giorgio Moroder ya ɗora muryar Donna Summer a kan kiɗan na'ura zalla a shekarar, suka kuma gane cewa na'ura na iya sa mutane rawa. Burinsu shi ne su zama taurari da kayan da ke hannunsu, ba tare da jita ko ganga ba, wannan buri kuma yana fitowa fili har a sunayen wasu waƙoƙin gwajin da salon tallan da suke yi wa kansu.

Hanyar da waƙar ta bi ta fita daga ɗakin tana da alaƙa da guguwar punk, wato kiɗan tawayen matasa mai ƙarar jita, da ta kaɗa a Birtaniya a 1976 da 1977. Muhimmin abin da guguwar ta bari, ko ga waɗanda ba su son ƙarar jitarta, shi ne tabbacin cewa matashi na iya buga faifansa ba tare da izinin manyan Landan ba, musamman bayan da Buzzcocks na Manchester suka fitar da ƙaramin faifansu da kansu a Janairun 1977. Ƙananan kamfanoni suka tsiro ko'ina, cikinsu har da Fast Product na Bob Last a Edinburgh, wanda ya fitar da faya-fayan ƙungiyoyin The Mekons da Gang of Four. Wani makaɗin Sheffield, Paul Bower, shi ya miƙa wa Last tef ɗin, Last kuma ya buga shi yadda yake a watan Yunin 1978, bai ce a je a sake ɗauka ba. A watan ne kuma suka fara hawa dandamali, a kwalejin fasaha ta Psalter Lane, da rikodar zare tana juyawa a wurin da aka saba ganin maganɗi. Daga baya Adrian Wright ya shigo yana haska hotuna a bayansu, domin mutum uku a tsaye gaban na'urori ba abin kallo ba ne sosai.

Sai a 1979 suka sa hannu da kamfanin faifai na Virgin, kuma abin da ya biyo baya ya isa ya nuna bambancin da ke tsakanin ɗakin Devonshire Lane da ofishin kamfani. Faifan farko da suka yi wa Virgin an cusa masa ganga ta gaske da jitar bass mai kaurin sauti da 'yan amshi mata, abubuwan da suka saɓa wa ƙa'idar da ƙungiyar ta kafa wa kanta, shi ya sa ma ba su yarda ya fita da sunansu ba, aka buga shi da sunan The Men. Kundinsu na farko, Reproduction, ya fito a ƙarshen 1979 bai yi kasuwa ba a lokacin. A 1980 suka sake ɗaukar "Being Boiled" da kayan aiki na sosai, ta fito da sauri da nauyi, an ƙara mata sautuka masu kama da na kakaki, tana kuma cikin kundinsu na biyu, Travelogue. Ba mummunan aiki ba ne, akwai ma masu fifita ta, kuma ina jin daɗin ƙarfinta. Amma wadda ta kai matsayi na 6 a 1982 ita ce tsohuwar ta Fast Product, da ɗan gyaran sauti kaɗan. Gaskiya ne cewa farin jinin da sunan ƙungiyar ya yi a lokacin shi ya ja masu saye, ba zan musa wannan ba, sai dai suna kaɗai ba ya riƙe waƙa a rediyo idan kunne ya ƙi ta. Jama'ar da suka saba da sauti mai sheƙi sun ji faifan da aka yi da 'yan fam kaɗan, suka kuma fitar da kuɗinsu suka saya.

Akwai wani kuskure da masu sauraro ke yawan yi, wanda nake ganin shi ne ya fi ɓata fahimtar irin waɗannan faya-fayai, wato sauraren su daga ƙarshe zuwa farko. Mutum ya san shahararriyar waƙar da ƙungiya ta yi daga baya, sai ya shiga tsohon tef yana laluben ƙwayar da ta tsiro ta zama ita, duk abin da bai yi kama da ita ba ya ɗauke shi a matsayin ɓatan hanya. A kan Human League wannan lissafi ba ya tafiya ko kaɗan. A ƙarshen 1980 ƙungiyar ta rabu: Ware da Marsh, wato masu na'urorin da suka ƙera sautin farko, suka fita suka kafa ƙungiyoyin British Electric Foundation da Heaven 17, inda a ƙarshe suka samu Glenn Gregory da suka so tun farko. Oakey da Wright suka riƙe sunan, Oakey ya ɗauko 'yan mata biyu 'yan makaranta, Joanne Catherall da Susan Ann Sulley, daga wani gidan rawa na Sheffield, aka ƙara Ian Burden da Jo Callis. Kundin 1981 mai sunan Turanci "Dare", wanda "Don't You Want Me" ta fito a ciki ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya sannan a Amurka, aikin wannan sabon rukuni ne tare da furodusa Martin Rushent, a situdiyonsa mai akwatin ganga na Linn da na'urar tsara bugu ta Roland. Murya ɗaya ce da suna ɗaya suka haɗa shi da ɗakin Devonshire Lane. Wanda ya shiga tef ɗin 1977 da 1978 yana neman Dare zai fito yana cewa bai sami komai ba, alhali abin da ke ciki wata hanya ce daban da aka fara bi aka bar ta.

Shekaru da yawa waɗannan ɗauke-ɗauke suna yawo ne a hannun masoya, kaset na haifar kaset, kowanne ya fi na gabansa dusashewa. Sai a 2002 furodusa Richard X ya tattara su a kamfaninsa Black Melody ya fitar da kundin The Golden Hour of the Future, wanda ya ƙunshi ayyukan The Future da na farkon Human League. Dole a faɗi gaskiya, ba duk abin da ke ciki ne ya kai ba. Akwai waɗanda ana ji an san samari ne ke koyon na'ura, sun sami wani sauti ya burge su suka bar tef yana ta juyawa. Akwai kuma irin "Dance Like a Star" da ke nuna ƙarara cewa tun kafin kowane kamfani ya san da su sun riga sun hango kiɗan rawa na na'ura. Haɗuwar masu ƙarfi da raunana a wuri ɗaya ita ce amfanin kundin, domin faifan kamfani yana nuna abin da aka zaɓa ne kawai, wannan kuwa yana nuna yadda ake zaɓen. Duk da haka, shi ma kundin zaɓe ne. Mutanen da suka haura shekara arba'in ne suka amince da abin da za a fitar daga aikin da suka yi suna 'yan ashirin, wani kuma ya jera waƙoƙin ya ba su tsarin da ba su da shi a ranar da aka ɗauke su. Mai sauraro yana jin 1977 ne ta tagar 2002.

Mu a nan wannan labari ba baƙo ba ne gaba ɗaya. A shekarar 1978 ɗin nan da aka buga "Being Boiled", Mamman Sani yana Yamai yana ɗaukar kiɗansa na ogan ɗin lantarki a gidan rediyon ƙasar Nijar, aka fitar da shi a kaset 'yan ƙalilan, mutane suka yi shekaru suna jin sautin a rediyo da talabijin ba tare da yawancinsu sun mallaki kaset ɗin ba, har sai da kamfanin Sahel Sounds ya sake buga shi a 2013. Babu wanda ya san da ɗan'uwansa tsakanin Yamai da Sheffield, kiɗan ma ba iri ɗaya ba ne, amma tambayar da ke gaban mai son adana su ɗaya ce: wa ke riƙe da tef na asali, kuma a wane hali yake?

Tambayar tana da nauyi domin zaren tef ba ya dawwama. Siririyar leda ce da aka shafa wa garin ƙarfe da wani irin gam, wasu nau'o'in gam ɗin na shekarun 1970 kuma suna shan danshi su yi danƙo, ta yadda idan aka ɗora zaren a rikoda sai garin ya riƙa bajewa a kan bakin na'urar, sautin yana gogewa a daidai lokacin da ake sauraronsa. Masu gyara kan gasa irin wannan zare a tanda mai ɗumi kaɗan na tsawon sa'o'i, don ya bushe ya ba da damar juyar da shi zuwa kwamfuta. Mawaƙin da ke da kwantiragi yana da kamfanin da ke ajiye masa zarensa a ɗaki mai sanyi da lamba a jiki. Na kafin kwantiragi kuwa yana cikin kwali a ƙarƙashin gado ko a saman rufi, wani lokacin ma an sake ɗaukar wani abu a kansa saboda zare yana da tsada. Rashin kamfani ya bar wa mawaƙan mallakar abinsu, ya kuma bar musu nauyin adana shi su kaɗai.

Ko bayan an ceto zaren, akwai sauran shawara mai wuya a gaban injiniya. Kwamfutar yau na iya sauraren shuuu ɗin da juye-juyen kwafi suka tara ta cire shi, kuma duk mai gyara zai so ya miƙa aiki mai tsabta. Matsalar ita ce gangunan da Marsh ya ƙera daga irin wannan ƙarar aka yanko su, dangin juna ne da shuuu ɗin tef, saboda haka manhajar da aka umarta ta share ɗaya tana iya cinye kaifin ɗayan. Idan aka matsa tsaftacewa, bugun zai rasa tartsatsinsa ya koma kamar ana dukan katifa, idan kuma aka bar shi yadda yake, wanda ya tashi da sautin waya zai ce faifan ya lalace. Ni dai na fi son a bar shuuu ɗin, a cire abin da ya tabbata lalacewar ajiya ce kawai, kamar inda zare ya lanƙwashe ko ya tsinke, domin ƙarar da juyi na uku da na huɗu suka bari tana cikin abin da samarin nan suka ji da kunnensu a daren da suka ce waƙar ta yi, aka kashe rikoda.